Gyaran Muryar Baba

Ina tsaka da haɗa bidiyon wani kamu a shagon da nake aiki a Ungogo aka kira ni cewa Baba ya faɗi a gona. Ban ko rufe aikin ba. Na naɗe wayar kwamfutata, na cusa ta a jaka tare da 'yan tufafi, na tari adaidaita zuwa tasha. A mota sai juyi nake yi, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko amai nake ji.

Aikina ke nan a lokacin. Mata da yawa ba sa son namiji ya ɗauke su hoto a wajen biki, shi ya sa mai shagon ya ɗauke ni. Na fara da riƙe kyamara, daga baya na koyi editin, wato zama gaban kwamfuta a yanke abin da aka ɗauka, a jera shi, a gyara haske da sauti. Na saba da gudun aikin, amarya tana jira, wata tana kan layi.

Hawan jini ne ya kayar da Baba. Da aka sallame mu daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, magana kuma sai ya yi da ƙyar. Muka koma ƙauyenmu da ke gefen Makoda, inda gidaje suke warwatse cikin gonaki, kowane gida da shukarsa har bakin danga. Kaka ta shigo. An yanke gero, ana cirar gyaɗa, dawa kuma tana tsaye tana jira. Yayana ya karɓi gona, ni da Inna muka karɓi jinya.

Jinya ba ta cika yini. Idan na dama wa Baba kunu, na ba shi magani, na taya Inna motsa masa hannu da ƙafa kamar yadda aka koya mana, sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi. In share tsakar gidan da na share ɗazu. Sabis ɗin waya ba ya zama a gidanmu sai a wani ɗan tudu bayan rumbuna, sai in je can in tsaya ina ɗaga waya sama. Saƙonnin mai shagon su shigo a tare: yaushe za ki dawo, aiki ya taru, na samu wata tana riƙe miki kujera. In dawo gida zuciyata tana tafasa, in tarar da Baba yana kallon bango, sai kunya ta kama ni.

"Ke kam kamar mai zaune a kan tururuwa," in ji Inna. "Ki samu wuri ki zauna, kina sa ni jiri."

Baba yana da yaya mace guda ɗaya, Gwaggo, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aure ya kai ta Gana tun kafin a haife ni, can ta tsufa cikin 'ya'ya da jikoki. Tun da wayoyin nan suka zo, duk kaka sai Baba ya tsaya gaban damman gero yayana ya ɗauke shi, ya gaishe ta, ya ba ta labarin damina da waɗanda suka rasu, a aika ta wayar wata jikarta. A wannan shekarar ba a aika ba. Ba a kuma gaya mata komai ba, don Baba ya hana tun yana gadon asibiti. Sai ga jikar ta fara turo saƙo: Gwaggo tana tambaya, shiru ya yi yawa.

Wata safiya Baba ya yafito ni da hannunsa mai lafiya.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wannan aikin naku... da kuke yi wa amare." Ya tsaya ya huta. "Ki yi mini."

"Me zan yi maka, Baba?"

"Ki ɗauke ni. Ki gyara ni. Kada ta gani."

Inna tana tankaɗe a bakin ƙofa, ta ajiye rariyar. "Malam, ciwo ai ba abin kunya ba ne. 'Yar'uwarka ce."

"Ba kunya ba," ya ce. "Jininta ya fi nawa hawa. In ta ji... ba za ta iya zuwa ba, ba za ta iya zama ba."

Inna ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa, gaskiya, daɗi na ji. Hannuna ya samu abin yi.

Washegari da hantsi muka fito da shi ƙarƙashin darbejiya. Muka sa masa babbar riga, muka ɓoye hannun hagun a cikinta. Yayana ya jera damman gero a bayansa. Na zaunar da shi a kaikaice yadda ɓarin fuskarsa mai lafiya ne zai fuskanci wayata, na ɗora wayar a kan turmi da aka kifa. Ya fara magana. Kalma biyu, shiru. Kalma uku, tari. Yawu ya gangaro, Inna ta shigo ta goge ta fita. Wani lokaci kalma ta maƙale masa sai ya yi ta maimaita farkonta, goshinsa yana tsattsafo da gumi. A bayanmu zabi suna ta kuka, injin niƙan maƙwabta ya tashi, iska tana buga wayar. Da ya gama ya jingina da bishiyar kamar wanda ya yi huɗa.

Na zuba abin a kwamfuta na buɗe manhajar editin. Hoto yana shimfiɗe a layi ɗaya, sauti a layin ƙasansa, kamar kunya biyu a gona. Na fara da abu mai sauƙi, na bi na yanke duk shirun da tarin da shigowar Inna. Baba yana kwance a tabarma kusa da ni yana jin muryarsa tana fitowa gutsure-gutsure.

"Yanka ni kike yi?"

"A'a, Baba. Asalin yana nan, ba a taɓa shi. Ita kwamfutar tsari kawai take rubutawa. Daga nan zuwa nan a ɗauka, nan a tsallake, nan a ƙara haske, bayan haka a rage hayaniya. Sai ranar da na ce ta fitar, sannan za ta bi tsarin ɗaya bayan ɗaya ta yi sabon bidiyo."

Inna ta ce daga madafa, "Ashe har yanzu cefane kike yi, ba ki ɗora tukunya ba."

Sautin ne ya fara ba ni wuya. A shago muryoyin da nake gyarawa na masu lafiya ne, guɗa da waƙa da dariya. Muryar Baba kuwa ta yi ƙasa, sai na fara ƙara mata ƙarfi, sannan na ɗora abin cire hayaniya. Da na saurara sai na ji zabin sun fi da ƙara. Na gane kuskurena. Manhajar tana bin gyare-gyaren ne yadda aka jera mata su, na sama kafin na ƙasa, kuma kowanne yana aiki ne a kan abin da na gabansa ya miƙo masa. Na ɗaga zabin da kaina kafin in ce a cire su. Na sauya jerin, cire hayaniya a sama, ƙara ƙarfi a ƙasa.

Abin cire hayaniyar sai an ba shi ɗanɗano. Za ka nemo wurin da babu magana, iska da inji kawai, ka ce masa saurari wannan, duk inda ka ji irinsa ka rage. Na yi haka, injin niƙa ya ɓace, iska ta kwanta. Amma sai ya fara cinye wutsiyar kalmomin Baba. Tun da ciwon ya same shi ƙarshen maganarsa huci ne kawai, shi kuma abin ba ya bambanta hucin mutum da na iska. In na sassauta, inji ya dawo. In na matsa, Baba ya koma kamar mai magana daga cikin randa. Na yi ta kai da komo a tsakani, in matsa kaɗan, in saurara, in sassauta, in sake saurara, har kunnuwana suka daina gane mai kyau da marar kyau.

Ga kuma batir. Gidanmu babu wuta, sai a wajen mai kemis na bakin titi da ke da sola. Kullum sai in rungumi kwamfutar cikin hijabi in ratsa gonakin dawa, in gaisa da masu cirar gyaɗa, in zauna a bencinsa ina kaɗa ƙafa har ta cika. Kuma duk gyaran da na ƙara, nauyi nake ƙara mata. Fankarta ta riƙa kuka, hoton yana tafiya yana tsayawa, batirin yana zuba kamar tulu mai huda. Abin da take nuna mini a lokacin aiki ma ba na gaskiya ba ne, gwaji ne dishi-dishi don ta samu sauƙi. Ba zan san ainihin yadda abin zai fito ba sai na yi renda, wato ta zauna ta bi kowane hoto ta aiwatar da tsarin. Rendar farko ta kusa kaiwa ƙarshe batirin ya mutu. Na zauna ina kallon baƙin allo, ji nake kamar in jefa ta rijiya.

Akwai abu ɗaya da ya yi mini daɗi. Muryar Baba takan fara jimla da ƙarfi, ta riƙa mutuwa kafin ta kai ƙarshe. A manhajar ana kafa alama a kan layin sauti, mu a shago turke muke ce mata. Ka kafa turke a farkon jimla ka ce ƙarfin kaza, ka kafa wani a ƙarshe ka ce ƙarfin ya fi haka, ita kuma ta lissafa tsakaninsu ta riƙa ɗagawa a hankali yadda kunne ba zai ji tsalle ba. Na bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya ina kafa turaku. Da na kunna sai na ji ya kai ƙarshen gaisuwarsa bai faɗi ba. Na tashi na zagaya tsakar gida na dawo na sake kunnawa.

Fuskar ce ta gagare ni. Duk da na zaunar da shi a kaikaice, Baba mutum ne mai juyowa ya kalli wanda yake yi wa magana, kuma duk juyowar sai karkataccen bakin ya fito. Akwai abin da muke amfani da shi wajen goge ƙuraje a fuskar amare: ka zana da'ira a wurin, ka ce manhajar ta bi shi duk inda ya motsa. Na zana a gefen bakinsa, na ce ta bi, na ɗan ja wurin sama. Idan yana zaune cak abin yana kama da gaske. Da ya motsa kai sai da'irar ta zame, ta kama ganyen darbejiya ta murɗe shi, bakin kuma ya koma inda yake. Na gyara nan, can ya ɓaci.

Da na gaji sai wata dabara ta zo mini. Na ɗauki ɓarin fuskar mai lafiya, na juya shi kamar a madubi, na manna a ɗaya ɓarin. Na yi renda na ɗan guntu na kunna. Wani mutum ya fito yana magana da muryar Baba. Fuskarsa daidai take ta ko'ina, santsi kamar ta gunki. Baba yana da tabo a kuncin dama, inda ƙahon bijimi ya taɓa yankarsa yana saurayi. Wannan mutumin yana da tabon a kunci biyu.

Ban san Inna tana tsaye a bayana ba sai da na ji ta ce, "A'uzu billahi. Wane ne wannan?"

Baba ya ji, ya ce a kawo ya gani. Na so in hana, ya miƙo hannu. Na durƙusa na riƙe masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ƙanenta ba ne," ya ce. "Cire."

Na cire. Dannawa ɗaya ce, fuskarsa ta dawo da karkacewarta.

Sai na koma ga abin da muke yi idan amarya ta yi hamma a tsakiyar waƙa: a bar sautin yana tafiya, a rufe hoton da wani. Na ɗauki waya na shiga gari ina ɗaukar abin rufi. Na ɗauki tulin gyaɗa ana shanya, da dawar da ta sunkuyo, da tumakinmu, da tsohuwar rijiyar da Gwaggo ta ja ruwa tana yarinya, da kukar da ke bakin hanyar kasuwa. Duk inda Baba ya juyo, sai in ɗora ɗaya daga cikinsu a layin sama, in sa hoton ya narke cikin na gaba a hankali, muryarsa tana ci gaba a ƙarƙashi. Sai da na gama na lura gonar ta fi shi yawa a bidiyon.

A bencin mai kemis na yi rendar ƙarshe, kwamfutar tana jone. Na kawo gida na kunna musu. Baba ya fito cikin babbar riga, ya yi sallama, ya gaishe ta, ya ba ta labarin damina tiryan-tiryan, babu tari, babu tsayawa.

"Haka nake magana da," ya ce. Ya ce in sake kunnawa. Inna ta tashi ta shige madafa, na ji tana ta motsa tukwanen da babu komai a cikinsu.

Na je tudun bayan rumbuna na aika. Daga nan sai jira. Ban taɓa sanin jiran amsa yana hana mutum cin abinci ba. Ina wanke-wanke in ajiye in tafi tudu. Ina ba Baba kunu hankalina yana kan wayar. Shi ma duk shigowata sai ya ɗago ido, in girgiza kai.

Amsar ta zo ranar wata Juma'a, saƙon murya guda biyu. A ƙarƙashin na biyun jikar ta rubuta: wannan naki ne ke kaɗai. Na kai wa Baba na farkon. Gwaggo tana ta dariya, tana sa wa geron albarka, tana cewa ashe kukar nan tana nan, ita da ta ɗauka an sare ta. Ta tsokane shi cewa ya yi ƙiba. Baba ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce a sake sa masa.

Na biyun a tudu na saurara, ina tsaye.

"Uwata," in ji Gwaggo, muryarta a ƙasa. "Tun yaushe? Kada ki ce mini komai, ni na goye shi. Tun yana yaro bai taɓa yin magana mai tsawo bai tsaya ya ja numfashi ya ce to ba. Na saurara ban ji numfashinsa ko sau ɗaya ba. Hannunsa kuma da ba ya magana sai da shi, ina yake? Kin nuna mini tumaki, kin nuna mini rijiya, na gode. Ni ƙanena nake nema. Kada ki gaya masa na gane, tunda haka yake so. Amma ki aiko mini da wanda ba ki taɓa ba."

Na sauko, na hau, na sake saukowa. Baba ya ba ni amana, Gwaggo ma ta ba ni. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a bayan ɗaki, na sa mata wayar a kunne. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina ɓara ba.

"Aika mata," ta ce. "Abin da take gani a zuciyarta ya fi abin da ke cikin wayar muni."

Asalin yana da tsawo da nauyi, tudunmu ba zai iya ɗaukarsa ba. Na hau babur zuwa Makoda, na zauna a shagon wata mai ɗinki da na sani, na aika shi yadda yake, da tarin, da zabin, da hannun Inna yana shigowa da tsumma. Amsarta gajera ce. Ta ce ta gani, alhamdu lillahi, idonsa yana nan da ƙarfinsa. Ta ce a riƙa shafa masa man shanu mai ɗumi a hannun.

Daga nan duk Juma'a bidiyo biyu nake aikawa, gyararre da sanin Baba, ɗanye da sanin Inna. Aikin ya riƙa raguwa da kansa. Harshensa ya fara sakewa, sai na daina kafa turaku. Aka girbe dawa, injin niƙa ya koma aiki da yamma, sai na cire abin hayaniyar. Wata rana yana sauraron abin da na haɗa sai ya ce, "Wannan tarin da kika yanke, mayar da shi. Kowa yana tari." Na mayar. Na dube shi ko zan gane wani abu a fuskarsa, yana can yana kallon tumaki.

Mai shagon ya daina turo saƙo. Da na kira shi ya ce wadda ya ɗauka ta zauna daram, amma wani abokinsa yana neman mace mai editin, in zan iya zuwa cikin makon. Na gaya wa Inna, ta ce in tafi, yanzu Baba yana takawa da sanda, ita da yayana sun isa.

Ana gobe zan tafi Baba ya ce yau ba ɗauka za a yi ba, a kira ta kai tsaye, yana so ya gan ta. Yayana ya tallafe shi har tudun, na biyo su da kujera. Ya zauna ya fuskanci wayar sosai, hannun hagun yana kan cinyarsa a fili. Fuskar Gwaggo ta fito, ƙarama, cikin farin mayafi. Suka gaisa. Suka yi maganar wanda ya rasu a unguwar yamma, da tsadar taki, da wata gonar kakansu da suka yi gardama a kan ko tsamiya ce a iyakarta ko ɗorawa. Shi bai ambaci ciwo ba, ita ma ba ta tambaya ba. In kalma ta maƙale masa sai ta yi shiru ta jira, ba ta ƙarasa masa. Hannuna ya gaji da riƙe wayar ya fara sauka, Baba ya ce, "Uwata, ɗaga, ba na ganinta sosai." Na ɗaga. Suna cikin gardamar tsamiyar sabis ya ɗauke, hotonta ya tsaya cak bakinta a buɗe.

"Sake kira," in ji Baba. "Ɗorawa ce, ban gama gaya mata ba."